Rangwame da Amana a Filin Ƙwallon Lambu Lokacin Hunturu

Wasan ƙwallon lambu, wato golf, ya ginu ne a kan ƙa'idar cewa ɗan wasa zai bugi ƙwallo a inda ta tsaya, ya kuma karɓi fili yadda ya tarar da shi. Tun daga 1744, lokacin da aka rubuta dokokinsa 13 na farko domin wata gasa a Leith ta ƙasar Sikotilan, har zuwa yau da hukumar R&A ta St Andrews da takwararta ta Amurka suke riƙe da ragamar dokokin, wasan ya dogara ne ga amana, domin a mafi yawan wasanni babu alƙali a fili, kowa shi ne shaidar kansa.

Hunturun Birtaniya shi yake gwada wannan amana, kasancewarsa lokacin ruwa da laka da ƙarancin rana. Ciyawa takan daina tsiro, ƙasa ta jiƙe sharkaf, har ƙwallon da aka buga da kyau ta faɗo ta nutse, ko kuma ta kwaso dunƙulen laka a gefe guda wanda zai karkatar da ita a bugu na gaba. Idan raɓa ta daskare da asuba, duk wanda ya taka ciyawa ya kakkarya ganyenta, bayan 'yan kwanaki kuma sai a ga sawun takalminsa ya fito a ƙone. Shi ya sa ake jinkirta buɗe fili, a wasu filayen ma, har da tsohon filin St Andrews, ake ba ɗan wasa 'yar shimfiɗar roba ya ɗora ƙwallonsa a kai.

Dokar ba ta kau da kai daga wannan wahala ba. Ta ba kwamitin kowane fili ikon ayyana sassauci, wanda a Ingila aka saba amfani da shi daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu: wanda ƙwallonsa ta tsaya a hanyar da aka aske ciyawarta zai iya ɗaga ta, ya goge, ya ajiye ta a tazarar da aka ƙayyade, galibi inci 6, ba tare da ya matso kusa da rami ba. Masu nazarin fiƙihu za su gane wannan tsari nan take, ko da yake wasa ba ibada ba ne, domin shi ne bambancin azima, wato hukuncin asali, da rukhsa, wato rangwamen da uzuri ya jawo, kamar ƙasaru ga matafiyi. Rangwame yana da mai bayar da shi, da dalili, da iyaka, kuma yana ƙarewa da ƙarewar uzurin.

A nan ne masu wasan nishaɗi da yawa suke tuntuɓe, domin sukan ɗauka cewa shigowar sanyi ita kaɗai ta halatta musu taɓa ƙwallo ko'ina. Sai mutum ya tarar da ƙwallonsa a cikin doguwar ciyawa, ya waiga, ya ɗan tura ta da kan sanda zuwa wuri mai tsabta, ya ce ai hunturu ne. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wata fuska, tunda wanda ya fito shan iska ranar Asabar bai cuci kowa ba, kuma abokai huɗu da suka amince tun kafin bugun farko cewa za su sassauta wa juna sun yi yarjejeniya a sarari, babu yaudara a cikinta.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da aka kai sakamakon irin wannan wasa aka shigar cikin lissafin gwaninta, wato ma'aunin da ake daidaita gwani da ɗan koyo da shi, wanda ya zama tsari ɗaya na duniya tun 2020. A lokacin an yi shaida a kan abin da bai faru ba, an kuma gurɓata ma'aunin da wasu baƙi za su dogara da shi. Waigen nan da mai tura ƙwallo yake yi ya isa shaida cewa ya san rangwamen bai kai can ba, don haka abin da ya yi cin amana ne, komai tsananin sanyin ranar.