Ina Ƙaryar Take a Ƙagaggen Labari?

A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, ya tarar malamai suna ɗari-ɗari. A ganinsu alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa hirar mata da yara ce da dare. Gasar ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma tambayar tana nan har yau: wanda ya ƙago mutanen da ba a taɓa haifa ba, ya sa musu magana a baki, ba maƙaryaci ba ne?

A ganina ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya sa ƙarya ta zama zunubi shi ne yaudara, wato a sa mutum ya gaskata abin da babu shi. Mai karanta Ruwan Bagaja kuwa ya san ba a taɓa yin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba. Da saninsa ya buɗe littafin. Malaman zaure ma sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri saboda zurfin Larabcinsa, alhali tauraronsa Abu Zaid, gwanin damfara, daga kan Hariri ya fito.

Sai dai marubuci na iya yin ƙarya ta wata hanyar, kuma ita ce ta fi damuna. Idan ya zana mugun da ba shi da ko ƙwayar alheri, ko ya sa saki ya wuce ba tare da ya taɓa 'ya'ya ba, ko ya jefo attajiri a shafin ƙarshe ya share wa kowa hawaye, to ya yi wa rayuwa ƙazafi, yarinyar da ke karantawa kuma za ta iya ɗauka haka duniya take. A nan yaudarar ta tabbata. Amma dubi yadda Balaraba Ramat Yakubu ta yi da Rabi a Alhaki Kwikwiyo Ne: mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara, marubuciyar kuma ta bar mu muka ga tana sayar da abinci don ciyar da su. Babu Rabi a duniya, amma kowace unguwa ta san irinta.

Wani zai ce nuna ɓarna koyar da ita ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin akwai littattafan da ke ƙawata alfasha don ciniki. Amma Suratu Yusuf, wadda gaskiya ce tsantsa, ta ambaci hassadar 'yan'uwa da makircin matar Aziz ba tare da ta ƙawata su ba. Saboda haka ba ambaton laifi ne matsalar ba. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya nuna wanda laifin ya cutar, da abin da ya biyo baya, ko kuwa ya ɓoye su don littafin ya yi kasuwa.