Tsaftar Kasuwa Ibada Ce, Ba Don Tsoron Hukuma Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sada mu da wannan Juma'a lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, yau nasiharmu a kan shara ce da kwata. Wani zai ce, Malam, me ya haɗa masallaci da bola? To, ku saurara.

Mu da muke zaune a Legas mun ga yadda gwamnatin jiha ta matsa kan tsaftar muhalli. A watan Oktoba na 2023 an rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda ƙazanta. Mai sayar da kayan gwari ya san tumatir da tattasai ba sa jiran a buɗe ƙofa. A watan Janairu na 2024 aka haramta farar robar nan ta zuba abinci da muke cewa tekawe, sannan daga 1 ga Yuli 2025 dokar ta haɗa da siraran ledoji da kofuna da cokulan roba. Dalilin a fili yake: waɗannan kaya ba sa ruɓewa, sai su toshe magudanar ruwa. Gari ne na bakin teku, ruwan sama na sauka sai ambaliya ta shiga shago da ɗaki, ta haɗu da ruwan sha. Ba mu manta kwalarar da ta ɓarke a damina ta 2024 ba.

Tun kafin a kafa hukumar LAWMA, addininmu ya gama magana. Manzon Allah (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ya hana yin bahaya a kan hanyar mutane da inuwar da suke hutawa, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudana. A Suratur Rum kuma Allah Ya sanar da mu cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku aikin hannun mutane ne. To wanda ya yi alwala tsaf, ya sa farar riga, sannan da dare ya juye ruɓaɓɓen albasa a kwata, wa ya yaudara? Ma'aikaci bai gan shi ba, amma mala'iku sun rubuta. In yaron maƙwabci ya kamu da ciwo ta dalilin wannan, akwai hakki a wuyansa.

Kuma mu tuna, zaman nema muke yi a nan. Mutum ɗaya ya yi ƙazanta, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Don haka muna roƙo. Sharar safiyar Alhamis a kasuwa, kowa ya fito da kansa, kada a bar wa yaran shago kawai. A biya kuɗin masu motar kwashe shara, a daina miƙa wa wanda zai je ya zubar a rafi don an ga araha. Masu abinci da masu shayi a bar tekawe, a koma kwano da faranti. Iyaye mata, a riƙa zuwa cefane da jaka, a koya wa yara kada su jefa ledar fiya wata a kwata. Mu ma a masallaci za mu fara da magudanar wurin alwalarmu bayan sallar Asuba ranar Asabar.

In wani ya ga an zalunce shi wajen tara, ya kai kuka ga shugabannin kasuwa a bi masa kadi. Ban da cin hanci, domin mai bayarwa da mai karɓa duk an la'ance su.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da muhallinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da Legas da Najeriya lafiya. Amin.