Kafin Ka Biya Kuɗin Ɗaki a Karewa

Ɗana, na ji ka samu aiki a Jimeta, kuma hankalinka ya kwanta da Karewa. Ban ga laifinka ba, unguwar ma'aikata ce mai natsuwa. Sai dai ka sani, a can har sunan unguwa ake biya. Tun da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014 jama'a suka kwararo Yola, da yawa suka yi zamansu, ɗaki ya yi daraja.

Kada ka fara da dillali. Ka yi Magariba a masallacin layin, ka zauna teburin mai shayi, ka gaisa da masu gadi. Su suka san gidan da boskwatarsa take rufe, mai ita dattijo ɗan fansho wanda ya fi bukatar mutumin kirki a kan ƙarin kuɗi. In dole sai dillali, ku yanke la'ada tun a bakin ƙofa, kuma ko sisi kada ya fita daga aljihunka sai ka ga mai gidan ido da ido. Ina saurayi na taɓa ba wani kafin alƙalami ba shaida, ba rasit. Ranar da na iso da katifata na tarar da labulen wani a ƙofar, matarsa tana hura gawayi. Har yau raina na ɓaci in na tuna.

Ka je duba ɗakin da tsakar rana, ba da sanyin yamma ba. A Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kwanon da ba silin zai gasa ka. Ka murɗa famfo da hannunka. In bai kawo ba, tambayi maƙwabta nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, ka lissafa na wata. Wuta kuma, mita mai kati ce ko bil? Akwai bashin kamfanin wuta na YEDC da wanda ya tashi ya bari? A rubuta amsar cikin takardar yarjejeniya.

Idan Karewa ta fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne ka leƙa Jambutu, Damilu ko Doubeli. Amma ka haɗa da kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa, don tun cire tallafin mai a 2023 sufuri na iya cinye rangwamen da ka samu. Kuma duk inda ƙasa ta gangara wajen kogin Binuwai, ka tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ka durƙusa ka dubi gindin bango. In ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka zagaya bayan gidan, inda ba a shafa ba, ka nemi zanen da ruwa ya bari.