Haƙuri Ne Ko Cutar Da Kai?

'Yan uwa, ga tambayar da nake so mu tsaya a kanta yau. Matar da ta yi shekara goma tana haɗiye baƙin ciki, ba ta faɗa wa kowa ba, har jininta ya hau, haƙuri ta yi ko cutar da kanta ta yi?

A wajenmu, da mace ta buɗe baki sai a ce "ki yi haƙuri, haka zaman aure yake." Ni a fahimtata, haƙuri shi ne kada bawa ya yi fushi da hukuncin Allah. Bai hana kai kuka inda za a share hawaye ba. Khaula bint Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta wajen Annabi (SAW), Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Hindu bint Utba ta koka da rowar Abu Sufyan, ba a ce ta rasa haƙuri ba, mafita aka ba ta.

Jiki kuwa ba ya ɓoye abin da baki ya ɓoye. Idan damuwa ta taso, jiki na sakin sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su tsuke jijiyoyin jini. Na rana ɗaya yana wucewa. To ina ga na kullum, ga rashin barci a kai? Awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye, hawan jini ke nan. Sau da yawa ba ya nuna alama sai ya taɓa ƙoda ko ya shanye ɓarin jiki. Ga mai ciki kuwa, yana iya kai ta ga jijjiga.

Ya ke 'yar uwa, jikinki amana ne. Ki riƙe zikiri da addu'a, kuma ki samu mai amana ki amayar mata da abin da ke cin ki. Ki je a auna jininki. Ki rage gishiri, dunƙulen miya da kanwa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a yini. In an ɗora ki a kan magani, kada ki daina don kin ji sauƙi.

Kai kuma maigida, in kai ne silar hawan jininta, ka sani za a tambaye ka. Sayen magani bai wanke ka ba matuƙar halinka bai canza ba.

Allah Ya yaye wa iyayenmu mata damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.