Hakkin Mazauna Laka

A gaɓar Galishiya ta ƙasar Sifen, ana kiwon wasu halittun teku masu ɓawo, dangin katantanwa, a jikin igiyoyin da ake zurawa cikin ruwa. Masu kiwon suna cin riba. Sai dai kashin halittun yana sauka ƙasa, ya taru ya ruɓe, ya cinye iskar da ke cikin laka, har a wayi gari tsutsotsi masu jure ƙazanta ne suka mamaye wurin.

Mu a cikin birnin Kano ba mu da teku, kududdufai gare mu, ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Kwaɗi da gaiwa suka mai da su gida. Ita gaiwa, idan rani ya ƙafar da ruwa, sai ta shige laka ta jira damina. Yau muna cike kududdufan da shara, mu yanka fuloti.

Shin abin da ba ma gani yana da hakki a kanmu? A ganinmu yana da shi, domin mu muka haƙa ramin da ya tara masa ruwa. Buƙatar matsuguni gaskiya ce, birni ya cika maƙil. Amma ranar ciniki, dillali da mai saye tsawo da faɗi kawai suke aunawa, gaiwa kuwa tana ƙarƙashinsu tana jiran damina.