Haƙurin da Mata Ke Bin Maza

A majami'unmu na Arewa, idan aure ya fara tsami, mace ake kira a zaunar. Matar fasto ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri." Iyayen Zumuntar Mata su maimaita. Ba na raina wannan nasiha, ta riƙe gidaje da yawa. Amma akwai haƙurin da ba a cika wa'azinsa ba, wato na mijin da ya auri macen da aka taɓa yi wa fyaɗe.

Irin waɗannan mata suna da yawa a cikinmu. Duniya ta ji labarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014, akasarinsu 'ya'yan ikkilisiyar EYN. Wadda ba a ji nata ba ita ce yarinyar da kawu ko maƙwabci ya keta wa haddi, dangi suka binne maganar don gudun abin kunya. Ta girma, an ɗaura mata aure, an ci an sha an watse, an bar ta da jikin da bai manta ba. Miji ya kai hannu, ta sandare. Wata takan farka tsakar dare a firgice. Wata kuwa ƙanshin wani turare kaɗai ya isa ya mai da ita ranar. Masu ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa sun san wannan sarai: jikin da ya taɓa shan azaba yakan yi ta tsaron kansa ko bayan haɗarin ya wuce. Kiran wannan taurin kai ko aljani zalunci ne na biyu.

A nan ne wasu maza ke buɗe 1 Korintiyawa sura 7 suna neman haƙƙinsu. Su karanta har ƙarshe mana. Manzo Bulus ya ba mace iko a kan jikin mijinta daidai da yadda ya ba miji, ya kuma ɗora ko da ƙauracewa ta ɗan lokaci a kan yardar juna. A Afisawa sura 5, ma'aunin da ya ba miji shi ne Almasihu da ya ba da ransa. Wanda aka nema ya ba da rai, yaya zai kasa jiran wata shida?

Labarin Tamar a 2 Sama'ila sura 13 yana ci mini rai. Amnon ya ci zarafinta, Dawuda ya fusata amma bai hukunta shi ba, Absalom ya ce ta yi shiru. Ta ƙare a gidan ɗan'uwanta Absalom cikin kaɗaici. Shirun nan bai warkar da ita ba.

Miji mai haƙuri yana tambaya kafin ya taɓa, yana tsayawa idan ta ce ya tsaya, ba ya fushi washegari. Ba ya tilasta mata ba da labari, kuma abin da ta faɗa masa ba ya zama makami ranar faɗa. Yakan raka ta wurin ƙwararren mai ba da shawara, addu'a kuma tana tafiya tare da magani. Da haka mace ke koyon cewa shimfiɗar aurenta wurin aminci ne, har sha'awa ta dawo da kanta.

Fastoci da dattawan ikkilisiya, kafin ku ɗaura aure na gaba, ku keɓe ango ku koya masa wannan.