Bashi Hanji Ne: Shin Ya Dace A Ci Shi Don Zurfafa Karatun Adabi?

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da mahaifina ya yi mini a hutun da ya wuce. Na gaya masa ina da burin yin digiri na biyu a kan waƙoƙin baka, ko da bashi ne. Ya yi shiru, can sai ya ce, "To, in ranar biya ta zo, waƙar za ka rera musu?" Na yi dariya, amma daren nan ban runtsa ba.

Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, don haka bari mu leƙa Amurka, inda wannan al'amari ya yi tsamari. A can bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.7, kuma mutum fiye da miliyan 40 ne gwamnati ke bi. Daga 2006 aka ba masu digiri na biyu da na uku damar cin bashin gwamnati gwargwadon duk abin da jami'a ta yanka, har sai da aka yi doka a 2025 ta sa wa abin iyaka. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta bayyana cewa waɗanda suka ci bashi suka yi digiri na biyu a fannin fim a Jami'ar Kolumbiya, matsakaicin abin da ake bin su dala 181,000 ne, alhali bayan shekara biyu rabinsu ba su samun dala 30,000 a shekara. Ga ruwa yana ta hauhawa, ga shi ko mutum ya karye da ƙyar kotu ke yafe masa irin wannan bashi.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. Nijeriya ta taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe, kuma a 2024 an buɗe asusun NELFUND. Namu ba ruwa a kansa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cirar kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wannan sauƙi ne babba, amma tambayar mahaifina tana nan daram ga duk wanda zai ranta, ko a asusu ko a wurin kawunsa.

Wani zai ce, ai ilmi ba haja ba ne da za a auna shi da riba. Na yarda. Da kowa ya bi kuɗi, wa zai tattara mana waƙoƙin Narambaɗa, wa zai karanta takardun ajami da gara ke ci a zaurukan malamai? Al'ummar da ta rasa masu wannan aiki ta yi asarar da ba a ramawa.

Sai dai fa shi bashi alkawari ne, kuma da kuɗi ake cika shi. Wanda ya karɓa alhali bai hango hanyar biya ba, ya yi alkawarin da bai san ƙarshensa ba. Kuma ba kansa kaɗai ya ɗaure ba. Ni ina da ƙanne huɗu da ke jiran in kama aiki, ga mahaifiyata da ta sayar da tumakinta shekarar da na shigo jami'a. In na jinginar da albashin shekara goma saboda son adabi, da haƙƙinsu na yi karamci.

Haka nan akwai nauyi a kan malamai da jami'o'i. Malamin da ya ce wa ɗalibi, "Kana da basira, ci gaba," ya kamata ya ƙara da gaya masa yawan waɗanda suka gama a gabansa da kuma inda suke yanzu. Yabon da aka ɓoye lissafi a bayansa yaudara ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. In kuwa al'umma ce ke bukatar masana harshe da tarihi, to ita ya kamata ta ɗauki nauyinsu da tallafi, kada ta bar yaro ɗan shekara ashirin da biyu da ɗaukar kayan shi kaɗai.

Ni dai ga shawarar da na yanke. Zan nemi aikin koyarwa, in riƙa tari kaɗan-kaɗan, in nemi tallafin da ba a biya. In ya samu, in koma aji. Kafin nan, rakoda ta wayata ta ishe ni in fara da tsofaffin mawaƙan garinmu tun suna raye. Na gaya wa mahaifina haka, ya ce, "Yanzu ka yi magana."